Zaren Tsamiya da Rantsuwar Baba

Wata Alhamis ce da hantsi, cikin hutun daminar shekarar da na gama aji uku na firamare, wani Bafulatani abokin Baba ya sauke buhu a soron gidanmu da ke Jakara. Da Inna ta zazzage shi a tsakar gida, sai ga wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ƙasa, kamar tsofaffin jakunkunan fata. Gidajen tsutsar tsamiya ne, waɗanda ake cirowa a jikin itatuwan daji. Inna ce ke dafa su da ruwan toka, warin ya kori har kajin maƙwabta, sannan ta wanke, ta shanya, ta kaɗa zare da mazari, Baba ya yi wa manyan riguna aiki da shi. Ni da rashin jin magana na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa na farka guda ɗaya. A ciki na tarar da busassun tsutsotsi, kowace a naɗe cikin ɗan ɗakinta, babu ƙofa babu taga. Na tambayi Inna wa ya kulle su. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wa kuwa? Su suka saƙa abinsu, da bakinsu." Na yi dariyar wautar tsutsa, na fice wajen 'yar carafke.

Baba mai aikin hannu ne, irin wanda riga ɗaya kan ci masa watanni. A soro yake zama kan buzu, riga shimfiɗe a cinya, allura na shiga na fita, mu kuma muna giftawa da tallan ƙuli ko kwanon niƙa, muna rage murya. A unguwa ba a kiran sunansa sai a ce Malam Magana Ɗaya, domin in ya ce riga za ta fita kafin Sallah, to za ta fita, in ya ce a'a kuwa, ko wa za a turo an yi asarar takalmi. Yana jin daɗin sunan nan, mu ma muna taƙama da shi a makaranta. Babban ɗansa, Yaya Sani, shi ya gaji hannunsa, har Baba kan ce wa baƙi yaron nan zai fi shi.

A wannan daminar Yaya Sani ya sayo keken yi wa riga aiki, wanda ke gama aikin wata guda cikin yini. Ya turo shi a baro har ƙofar gida yana murna, yara na biye da shi. Baba ya fito, ya dubi keken, ya dubi dattawan da ke kan dakali suna jiran su ji ta bakinsa. Ina tsaye da tulu a kai na ji ya ce, "Wallahi muddin abin nan na hannunka, ƙafarka ba za ta ƙetare soron nan ba." Dattawa suka gyaɗa kai. Yaya Sani ya juya baronsa, ya je ya kama ɗaki a Ƙofar Na'isa.

Mun ɗauka fushin mako guda ne, ashe an fara saƙa ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Sani zai zo ya durƙusa a waje ya yi gaisuwa, Baba ya amsa daga ciki, labulen asabari a tsakaninsu. Sayar da keken ba zai yiwu ba, don masu kawo aikin hannu sun fara ja da baya, kuma hatsin da ke shigowa ta hannun Inna kowa ya san daga ina yake. Baba ma ya sani, yana ci, bai taɓa tambaya ba. Liman ya zo har soro ya tuna masa cewa rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma shi ke nan. Baba ya ce ya ji. Washegari wani ya tare shi a hanyar kasuwa yana yaba masa, wai irinsu sun ƙare a garin nan, sai ya dawo gida ya ƙara rantsewa a gaban Inna. Tun daga ranar ta daina roƙonsa, ta koma kuka a madafi tana cewa hayaƙi ne.

Sai idon Baba ya fara tafiya. Da farko yakan matso da buzunsa bakin ƙofa, daga baya ya koma kirana in zura masa zare a allura, daga nan kuma ya koma shafa aikin da yatsa. In Juma'a ta yi na lura yana fuskantar asabarin tun kafin a yi sallama, ya ƙura ido ga inuwar da ke durƙushe a waje. Wata rana da inuwar ta tafi ya tambaye ni a hankali, "Ya yi gemu kuwa?" Na ce ya yi. Na ce in ɗaga labulen mana in ya dawo. Sai ya ce in miƙo masa buta. Ina sonsa, ina jin haushinsa, kuma ban san abin da yarinya kamata za ta iya yi ba. Ranar da Yaya Sani ya ƙetare soron nan, makarar Baba ya shigo ɗauka.

Yanzu ina da ɗan shagon yadi a kasuwar Kwari. Kwanaki wata 'yar China da ke kawo mana zare, wadda Hausa ta zauna a bakinta har muke kiranta Larai, ta ga ƙullin zaren tsamiyar da nake ajiye da shi, na ba ta labarin tsutsar. Ta ce ai su ma suna da wata tsohuwar magana mai kalma huɗu a kan tsutsar da ke saƙa gida ta ɗaure kanta a ciki. Daga masu kiwon tsutsar siliki ta samo asali, waɗanda ke ganinta tana fitar da zare daga bakinta tana naɗe jikinta, har lokacin da za a jefa ta a ruwan zafi. Ana faɗarta ga wanda ya halaka kansa da abin da ya ƙirƙira da kansa. Na ce ashe tsutsar ba ta da mafita. Larai ta ce, "Akwai, Hajiya. In an ƙyale ta tana huda gidan ta fita da fukafukai. Amma zaren ya tsinke, ba mai saye."

Na daɗe ina murza ƙullin nan a hannuna. Soronmu yau shagon cajin waya ne, matasa na shiga suna fita ba ko sallama, babu buzu, babu asabari. Baba ya san hanyar fita, sunansa ne ba ya so ya tsinke. Mu kuwa, da dattawan dakali da mu 'ya'yansa, zaren muka yi ta yabo, shi yana ciki.