Sawun da ya bushe a garejin Malam Uzairu

A layinmu na Gada Biyu, idan ka yi wa Malam Uzairu sallama da fara'a, sai ya yini yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. Tsohon direban tasi ne. Ya daina aiki, amma bai rabu da tsohuwar fijonsa ba, tana gareji yana lallaɓa ta kamar jaririya. Ni shagon ɗinkina yana kallon ƙofarsa, don haka kusan komai a idona ake yi.

Bara, bayan rasuwar ɗansa Mahdi, ya fara cewa ana shigar masa mota. Kullum ya dawo daga hira a Tina Junction, sai ya tarar an matso da kujerar direba gaba. Nan take zarginsa ya sauka a kan Siman, makaniken da katanga ɗaya ta raba su. Shekara da shekaru suna aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, amma Uzairu ya daina amsa gaisuwarsa. Har ya fara maganar kai ƙara wurin mai unguwa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Siman ne ya taɓa ba shi shawarar ya shafe daɓen garejin da fentin ƙasa, saboda baƙin mai yana cin simintin. A lokacin Uzairu ya ce akwai wata a ƙasa. Yanzu kuwa sai ya ga tarko ya samu. Ya wanke daɓen da omo da buroshi, ya cike tsagogi, ya bari ya bushe. Ya shafa fentin a kewayen motar yana ja da baya har bakin ƙofa, ya janyo ƙofar, ya tafi hirarsa. Ko matarsa Hussaina bai gaya wa ba.

Da la'asar ya kira ni in zama shaida. Muka buɗe ƙofa. Ga sawu nan ya zauna daram a fentin, daga ƙofar cikin gida zuwa motar. Ba takalmin makanike ba ne. Ƙafa ce ƙarama, babu takalmi, babban yatsan ya ɗan karkace. Uzairu ya daɗe yana kallo. Hular Mahdi tana rataye a madubin motar, inda yaron ya bar ta.

Siman ya leƙo ta kan katanga.

"Oga Uzairu, ka kama ɓarawon?"

Uzairu ya ci gaba da kallon sawun.

"Ni tun da na sani," in ji Siman. "Madam yana shiga kullum in ka fita. Yana zama, yana riƙe sitiyari, yana kuka. Ta windo na nake gani."

"Ka sani, ka bari ina zarginka?"

"In na faɗa, za ka sa kwaɗo. Ina zai je ya yi kukan?"

Ni dai na koma kan keken ɗinkina, don idona ya cika.

Har yau Uzairu yana zargin mai shayi da rage masa madara. Fentin kuwa shafi biyu yake buƙata, amma bai yi na biyun ba. Ragowar ya miƙa wa Siman ta kan katanga. In zai fita hira, sai ya matso da kujerar gaba da kansa.