Hannun Jan Guga a Bakin Raga

Har yau in na ji ƙarar usur, sai gabana ya faɗi. Nan take nake komawa filin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a kwarin Tarka, lokacin bazara, rairayi na ƙona tafin ƙafa, ga raga ɗaure tsakanin itace biyu.

Mushenmu, wato malaminmu, shi ne ya kawo mana ƙwallon raga. Yayana ya fi kowa tsawo, don haka aka ba shi tare ƙwallo a gaba. Dokar ba ta da yawa: ka yi tsalle, ka miƙa hannuwa sama, kana iya ƙetara su bisa raga in abokin hamayya ya riga ya buga, amma kada ka taɓa ragar. Sai dai ka san zurfin rijiyoyin Damargu. Tun yana ƙarami yayana ke jan guga, hannunsa in ya hau sama bai san komai ba sai ya damƙi igiya ya sauko da ita. Zai tare ƙwallo tsaf, sannan ya jawo raga kamar wasaki ne cike da ruwa. Usur, maki ya tafi.

Da wasa ne kawai da mun yi dariya. Amma babanmu ya riga ya yanke: in ba a zaɓi yayana cikin ƴan wasan da za su ci gaba da karatu a Zinder ba, zai bi samarin garinmu arewa haƙar zinariya. Mun ga waɗanda suka tafi, mun kuma san gidajen da har yanzu ake jira. Innarmu ta daina cin tuwon kirki.

Kawunmu bai taɓa riƙe ƙwallo ba, amma ya saro rassan aduwa masu ƙaya ya rataya bisa igiya a bayan gida. "Yi tsallenka, in ka kama kai ka sani," in ji shi. Kullum da yamma yayana na dawowa da jini a yatsu.

Ranar wasan zaɓen a Tanout ni ke ɗaga masa ƙwallo. A makin ƙarshe ya tashi, ƙwallo ya bugi tafinsa ya faɗi wancan ɓangare, raga kuwa ta girgiza. Alƙalin wasa ya busa. Yayana ya tsaya da hannuwa a sama, ya ƙi sauke su. Sai alƙali ya nuna ɗan wancan ɓangaren: kafaɗarsa ce ta taɓa.

Aka zaɓi yayana. Da muka koma gida, babanmu ya kama hannunsa ya juya shi, ya daɗe yana duban tabon ƙaya. Bai yi murna a fili ba. Ya ce, "To, wannan hannu ya bar rijiya ke nan."

Yanzu akwai famfo mai aiki da hasken rana a garinmu. Yara na tsalle a bakin raga, hannunsu ba ya kama komai, ba su ma san akwai abin tsoro a ciki ba. Yayana malami ne, shi ke busa musu usur. Ni dai abin da ban manta ba shi ne washegarin tafiyarsa Zinder, da na iske babanmu da furfurarsa a bakin rijiya, yana jan guga shi kaɗai, ya hana ni karɓa don kada in makara lakwal.