Abokina Mai Tseren Ƙanƙara a Abbasiya

Shekarun baya, ina ɗalibi a Alƙahira, na zauna gida ɗaya da wani mutum da ya tashi bai san wata sana'a ba sai tsere a kan dusar ƙanƙara. Ni kuwa ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce ta cikin firij.

A unguwar Abbasiya muke, can hawan ƙarshe na wani tsohon bene. Abokin nawa daga arewacin duniya ya fito, Musulmi ne kaka da kakanni, dogo, siriri, ga ci kamar gara. Larabci da hadda suka kawo shi, ni nake sauraron haddarsa bayan la'asar. Idan sanyin Masar ya shigo, ina cikin rigunan sanyi biyu da safa ina karkarwa, shi yana gaban taga da singileti yana cewa yau gari ya yi daɗi.

Akwai wata doguwar jaka a bayan ƙofarsa, na ɗauka kayan kamun kifi ne. Wata Juma'a bayan sallar asuba ya buɗe ta: sanduna biyu, da wasu siraran ƙarafa masu taya gaba da baya. Ya ce da su suke atisaye idan babu ƙanƙara. A can garinsu siraran katakai ake ɗaurawa a ƙafa, mutum ya riƙa tunkuɗa kansa da sanduna, ya keta daji, hawa da gangara, nisan da ya kai daga gari zuwa gari.

"Yalla, ari keken mai gadi ka biyo ni," in ji shi.

Safiyar Juma'a ce kaɗai Alƙahira take runtsawa. Titi fayau, fitilu ba su gama mutuwa ba, wani siririn hazo yana kwance a kan gada. Yana gabana yana zamewa kamar ruwa ne ya ɗauke shi, ƙarar sandunan kaɗai nake ji, ƙas, ƙas. Ina haki a kan keke, shi yana waiwayowa yana ba ni labarin yadda numfashi yake daskarewa a gashin ido, da yadda daji yake komawa shuɗi kafin rana ta faɗi. Ran da na ce sai na gwada, taku na farko na zube a gaban mai sayar da ful, dafaffen waken nan nasu. Mutumin ya leƙo ta kan tukunyarsa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya shekh, kai dai riƙe littafi."

A ƙarshen mako mukan kalli gasar manya a wayarsa. Yadda ya kwatanta mini daji, ba haka nake gani ba. Sau da yawa wani farin layi ne kawai ya ratsa ta cikin jar ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ya ce inji ne yake yin ƙanƙarar, don ta sama ta fara yi musu rowa. Kusan kullum tutar ƙasa ɗaya ce a gaba. 'Yan tseren kuwa, da sun tsallake layin ƙarshe sai su zube kamar an sare su, dalala ta daskare a haɓa. Ya nuna mini wani saurayi a cikinsu ya ce, "Wannan mun yi tsere da shi muna yara. Na taɓa wuce shi." Ya shaƙi maganin asma da yake yawo da shi, cutar da ya ce da yawansu suna fama da ita saboda iskar sanyi.

Sai daga baya ya faɗa mini sauran. Yana dab da shiga tawagar manya yaƙi ya ɓarke, aka hana 'yan ƙasarsu shiga gasar duniya. Ya jira, ya jira, shekarun ƙarfinsa suna wucewa, sai ya tattara ya taho karatu. Da na ba mahaifiyata labari a waya, ta ce, "To shi wannan bawan Allah, wa yake korar sa a cikin sanyin?" Na faɗa masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce tambayar ta fi ƙarfinsa.

Ana gab da hutun tsakiyar shekara tsohon kocinsa ya kira shi. Akwai babban tsere na cikin gida. Idan ya shiga sahun gaba za a ɗauke shi a tawaga, karatu kuwa khalas, ya ƙare ke nan. Ya yi istihara, ya tambaye ni shawara.

"Akhi, idan ban je ba, zan mutu ina tambayar kaina."

Na ce ya je. Amma da na ɗaga hannu, na rasa me zan roƙa masa, nasara ko dawowa. Na ce Allah Ya zaɓa.

Ranar tseren na zauna da waya, hoton yana yankewa. Mutane ne kamar tururuwa a cikin fari. Na neme shi a na gaba, babu. Aka gama nuna masu kambu, aka rufe, ban gan shi ba.

Bayan hutu sai ga shi a ƙofa, hanci ya sale, fuska sakayau. Ya ce tun kafin rabin hanya ƙafafunsa suka gaya masa gaskiya. Yara sabbin jini suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai a tsakanin bishiyoyi.

"Na so in tsaya in cire katakan. Sai na ji bakina yana karanta Suratu Maryam, wadda take kufce mini a gabanka. Kowace aya tana tafiya da sanda. Ban ɓata ko ɗaya ba. Da ita na ƙarasa."

"Na nawa ka zo?"

"Ban duba ba. Akwai sauran shinkafa?"

A da ina ganin duk wanda ya ba abu ƙuruciyarsa bai samu kambu ba, ya yi asara. Zama da shi ya rage mini wannan tunanin. Na ga mutumin da aka rufe wa ƙofa yana da ƙarfi, aka buɗe bayan ƙarfin ya tafi, kuma bai zama mai ɗaci ba.

Ya kammala hadda ya koma gida. Yanzu yana koyar da yara a masallacin ƙauyensu, idan ƙanƙara ta samu ya fita da su daji. A sanyin da ya wuce ya kira ni da rana tsaka, ya ce in saurara. Na manna wayar a kunne, ban ji komai ba. Na ce masa layin ne ba kyau.

"Layi lafiya lau," in ji shi. "Ƙanƙara ce take sauka."

Muka ci gaba da sauraro mu biyu, har aka kira la'asar a unguwarmu.