Kazar da Aka Sa wa Ƙwan Agwagwa

Ba ita ta haifi ubana ba, ba ta haɗa jini da kowa a gidanmu ba, amma Kaka muke ce mata, kuma ban taɓa sanin wata kakar ba sai ita. Kakana ne ya saye ta tana budurwa, tun Nasara ba su zo Sakkwato ba, aka sa mata suna Alheri. Da mahaifiyar Baba ta rasu wurin haihuwa, ita aka miƙa wa jaririn, don a lokacin tana goyon 'yarta. Ta shayar da su biyun tare. Da yarinyar ta isa aike, wani bafatake ya sauka gidanmu, ya yaba da ladabinta, sai kakana ya ce masa, "Tahi da ita." Shi ke nan fa, kamar an ba baƙo tabarma. Duk mun san wannan labari muna yara, yadda muka san inda rijiyar gida take, kuma bai taɓa hana ɗayanmu cin tuwo ba.

Gidanmu yana kusa da ganuwa, ta wajen gulbi. Baba fataucin jar fata yake yi. Ɗakin Kaka ne na ƙarshe a gidan, jikin akurki, ga wata 'yar ƙofa ta baya da ke fita bakin kududdufi. Kajin nata ne, da guminta ta tara su. Agwagin kuwa na Innata ne. Agwagwa ba ta iya reno ba, sai ta ja 'ya'yanta cikin raɓa tun da asuba, shirwa ta ɗauke ɗaya ko kallon sama ba ta yi ba. Saboda haka duk kazar Kaka da ta fara kwanci, sai Inna ta aiko da ƙwan agwagwa a ƙwarya a sa mata. Ƙwan kazar kuma a ba wani mutum da ke kai wa kukun Nasara a bariki, don su ba sa gajiya da cin ƙwai, abin har mamaki yake ba mu. Kaka da hannunta take yin musanyar, da magariba, ɗaya bayan ɗaya don kada kazar ta gane. Ba ta taɓa cewa uffan ba.

Da damina, in an yi sallar lisha, takan hura wuta a bakin ɗakinta, ta zuba busasshen kashin shanu don hayaƙi ya kori sauro. Mu yaran gida mu kewaye ta, idanu na yaji, muna jiran masarar da ta jingina a jikin murhu. Ni ce mai hayewa cinyarta, ko da na yi girman da ya kamata a kore ni.

"Ke ƙawata, sauka, ƙashina ba na ƙarhe ba ne," in ji ta, alhali ta riga ta zagaye ni da hannu. Sai ta yi gyaran murya. "To, ga ta can ta taso, ku ba ta wuri."

"Ta zo ta zauna!" mu ce.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta kaza muka fi roƙo. Wai wata kaza ce a gidan wata mata mai wayo. Ta yi ƙwai, ta kwanta a kai tana ta lissafin 'ya'yan da za ta yi. Kullum magariba matar ta zo ta shafa bayanta, ta ce sannu da aiki, ta zare ƙwai ɗaya ta sa na agwagwa. Mako uku ya cika, ba motsi. Sauran kaji suka ce mata ta tashi, ƙwan ya lalace. Ta ce a'a, tana jin rai a ciki. Ta zauna har wata ya wuce, ƙirjinta ya tuje, ƙafarta ta sandare, kafin 'ya'yan su fito da faffaɗan baki. Ta dube su, ta ce ko yaya suke ai ɗuminta ne. Ta tona musu gara, ta yi faɗa da shirwa har ta rasa ido ɗaya. Ran nan suka bi ta bakin tafki, 'ya'yan suka ga ruwa, tsulum tsulum, suka faɗa.

A nan Kaka take tashi tsaye ta buɗe hannuwa, tana sintiri a bakin wuta kamar kazar. "Ku hito! Wayyo ɗiyana, ku hito, ruwa shina ci!" Mu kuwa mu yi ta birgima don dariya. Wai 'yan agwagin suka juyo suka ce, "Inna, shigo mana, ba zurhi." Ta sa ƙafa ɗaya ta janye. Tun daga ranar, kullum sai ta raka su ta tsaya a gaɓa har yamma.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "In akwai ƙarya a ciki, kaza ta tsince ta da sahe."

Ni dai tambayata kullum ɗaya ce, ko 'yan agwagin sun kamo mata kifi. Wauta ke nan.

Shekarun nan gari bai zauna daidai ba. Nasara sun ci ƙasa, an ce sun hana saye da sayar da mutane, kuma bayi sun fara tafiya. Sai a wayi gari a ji gidan wane mutum uku sun bi hanya, ba mai iya bin sawunsu kamar da. Manya suna maganar ƙasa-ƙasa a zaure, in mun matso su yi shiru. Cikin haka wata mai kitso da ta dawo daga Jega ta shigo gidanmu. Ta yi wa Inna kitso, da ta gama ta zagaya bayan gida ta daɗe wurin Kaka. Ina ɗakin, ina wasa da 'yan tsaki, ba wanda ya damu da ni. Na ji ta ce ta ga wata mata a Jega mai kamar Kaka sak, har wushiryar, kuma matar ta ce daga Sakkwato aka kawo ta tana ƙarama. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe ƙofar akurki da hannu biyu har mai kitson ta fita.

Daga nan kaji suka fara raguwa. Yau babu jar, jibi babu mai wuyan tsirara. Takan ba almuru baya ta fita da ɗaya a ƙarƙashin mayafi, ta dawo da ƙunshin gari ko 'yar kuka. Ashe guzuri take haɗawa, don akwai ayarin da zai tashi zuwa Jega bayan sallar Juma'a, kuma matar madugun ta yarda ta bi su. Ran da na nemi wake-waken kazar da nake kira tawa na rasa, na sa mata kuka. Ta ja ni ɗaki, ta zaunar da ni.

"Ƙawata, ki iya bakinki. Za ni in gano ɗiyata in komo."

"Ƙarya ne, ba ki komowa!"

Ba ta iya yi mini ƙarya sau biyu ba.

Shekarata bakwai ko takwas. Na sha gaya wa kaina haka, kuma bai taɓa sanyaya mini rai ba. Da na kai wa Baba ruwan alwala da la'asar, ban ko jira ya tambaye ni ba, na ce, "Baba, Kaka tana saida kajinta, za ta Jega ta bar mu."

Na zaci zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi! Bai ɗaga murya ba, bai sa an kulle ƙofa ba, ya san zamanin mari da sarƙa ya wuce. Ya gama alwalarsa, ya yi salla, ya shiga wurin Inna. Ƙanwata Hajo tana nono a lokacin, saura wata huɗu ko biyar a yaye ta. A al'adarmu in za a yaye yaro, ɗakin kakarsa ake kai shi, ita za ta yi ta fama da kukansa har ya manta da nono. Ran Alhamis da yamma Baba da kansa ya ɗauko Hajo, abin da namiji ba ya yi, ya zo har bakin akurki. Ya durƙusa gaban Kaka kamar yadda ya saba gaishe ta.

"Inna, ga jikanyarki. Mun yanke a yaye ta yau. Ba mu da wanda za mu ba sai ke."

Kaka ta dube shi. Wannan mutum nononta ya sha, tare da 'yar da take son ganowa. Ta ce, "Yau, Mamman?"

"Yau, Inna."

Ya ajiye yarinyar a cinyarta ya tashi. Hajo ta ga uwarta ba ta biyo ba, ta tsandara ihu, ta cusa kai cikin zanen Kaka tana neman abin da babu. Ina tsaye ina kallo. Hannun Kaka ya yi kamar ba zai motsa ba, sa'an nan ya tashi da kansa ya fara bubbuga bayan yarinyar.

Kwana uku Hajo ba ta yarda da kowa ba, ta ƙi kunu, jikinta ya yi zafi. Ayari ya tashi ran Juma'a kamar yadda aka ce. Muna jin kukan jakunansu ta bayan ganuwa, Kaka na zagaya tsakar gida da goyo tana jijjigawa. Garin da ta tara na guzuri, da shi aka dama wa Hajo kunu. Ni kuwa murna nake yi, Allah ya yafe mini, har da tsalle.

Bayan an kwana biyu muka taru a bakin wuta, na ce ta yi mana ta kaza. Ta ce, "Wagga ta ƙare, ƙawata. Zaɓi wata." Ba ta tsawata mini ba, ba ta hana ni cinyarta ba, har ta bar duniya ba ta taɓa nuna ta san ni na faɗa ba. Ta sani mana. Wa kuma ke ɗakin? Ta sake tara kaji, Inna ta ci gaba da aiko ƙwarya. Bayan Hajo aka kawo mata Umaru, bayan Umaru ƙafafunta suka ƙi. Ta rasu shekarar da aka sa mini rana.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan ta wauta ce, kazar da ba ta san nata ba. Sai da na haihu, na ji yadda jiki ke zabura in jariri ya yi kuka ko ba naka ba ne, sannan na gane kazar ta sani sarai. Tashi ne ba ta iya yi ba, kuma mai gidan ya san ba za ta iya ba. Abin da ya fi ci mini rai, kullum a gabanmu take faɗa, da bakinta, tana rawa, mu muna dariya. Mun tambaye ta kifi, mun tambaye ta shirwa. Ba wanda ya taɓa cewa, Kaka, ƙwan kazar fa, ina aka kai su?

Ikon Allah, mijin da aka ba ni ɗan Jega ne, mai sayen fata a hannun Baba. Da na kwana biyu a garin na fara bin gidajen biki da na suna ina duban bakin mata, ko zan ga wushirya. Na samu wata tsohuwa da aka ce ta san duk wanda aka kawo garin tun zamanin da. Na kwashe labari na gaya mata. Ta saurara har na gama, ta ce, "To ɗiyata, irinsu da yawa. Mi as sunanta?"

Shekara goma sha wani abu ina kwana a jikin matar nan, na san sunan kowace kaza tata, ban san sunan 'yarta ba.

Da mijina zai tafi Sakkwato na roƙe shi ya tambayo mini Baba sunan 'yar Kaka, tun da nono ɗaya suka sha da ita, tabarma ɗaya suka kwana har suka yi wayo. Na ƙirga kwanakin tafiyarsa. Da ya dawo ban bari ya sauke kaya ba na tare shi a zaure. Ya ce ya tambaya, Baba ya daɗe yana tunani, sannan ya ce a gaishe ni, a ce mini wallahi ya manta.