Ruwan Filin Ƙwallon Doki

Ina amarya rijiyar unguwarmu a Tudun Wada ta rufta. Maza suka sa ranar gayya don su yashe ta, mu mata har mun jiƙa geron kunu. Ana gobe gayya mai unguwa ya aiko cewa Turawa za su yi babban wasan ƙwallon doki. Kowane namiji ya ɗauki tulu ya je ya yayyafa wa filin ruwa, kada ƙasa ta yi wa kofaton dawaki tauri.

Mijina ya dawo bakinsa har kunne, wai bai taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ban musa ba, don unguwa ta daɗe tana labarin, yara suna ta buga goruba da kara.

Amma damina ta faɗi, kowa ya tafi gona, gayya ta watse. Muka koma shan ruwan kududdufi. Da shekara ta zagayo, kurkunu ya kwantar da mijina a tsakiyar noma.

Yana kwance, ƙafa kamar turmi, ya sake ɗauko mini labarin dokin da ya fi gudu. Na ce, "Malam, aika a kira dokin ya nome maka gonar."