Hancin Ersilia

A tsaunukan Cupramontana babu wanda bai san Ersilia Cingolani ba. Tana da shekara goma sha tara mahaifinta ya rasu ya bar mata gonar inabi da gangunan giya shida. Ba ta yi aure ba. Shekara arba'in ta yi tana matsar Verdicchio, farar giyar ƙasarsu mai ɗan ɗaci a ƙarshen kurɓa, kuma hancinta ne jarinta: tana buɗe ganga ta san abin da ke ciki.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita da sanyin bara. Ta tashi lafiya lau, amma ko albasa aka yanka a gabanta hancinta ba ya jin komai. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da bazara ta shigo, Gualtiero ya hauro daga bakin teku kamar yadda ya saba duk shekara. Gidan abinci gare shi a Senigallia, kuma giyarta kaɗai yake ɗorawa a teburinsa tare da farfesun kifi. Ya zo da tukunyarsa a bayan mota, ya ɗumama ta a kicin ɗinta.

"To, tsohuwa, wace ganga za ki aurar wa farfesuna bana?"

"Tsohuwa ce ta haife ka," in ji ta. "Zauna."

Ta sauka ɗakin ganguna ita kaɗai. Ta buɗe ta farko, ta kafa hanci. Babu komai. Ta biyu ma haka. Haka ma ta uku. A ƙarshe ta ɗebo daga ta huɗu a kofi ta kawo masa, don ita ce take fitar da ita kunya kowace shekara.

Gualtiero ya kai kofin hancinsa, ya tsaya. Ya dube ta.

"Ke kin shinshina wannan?"

"Ni za ka koya wa aiki?"

"Ersilia, shinshina ki gaya mini me kika ji."

Ta ɗauki kofin. Ta kai shi hancinta. Ta faɗi abin da ta saba faɗa: furen itace, ɗanyen tuffa.

"Ruɓaɓɓen ƙwai," ya ce a hankali. "Tun daga nan ina jin warin."

Ta ajiye kofin, ta zauna, ta kasa ɗaga kai. Farfesun yana ta tafasa babu wanda ya kula shi.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Kuma kika yi shiru? Haba!"

"In gaya wa wa? Gobe gari duk ya ɗauka, kowa ya guje ni."

Gualtiero ya kashe wuta, ya naɗe hannun riga, ya ce ta wuce gaba. Suka bi gangunan ɗaya bayan ɗaya, shi yana shinshinawa, ita tana ɗanɗana tsami da ɗaci, don harshenta bai mutu ba. Biyar lafiyarsu ƙalau. Ta huɗun suka juye ta a wata ganga ta sha iska, ta kuwa gyaru.

Hancin bai dawo ba har yau. Duk ranar Litinin, da yake gidan abincinsa a rufe yake, Gualtiero yakan hauro su yi aikin tare, suna faɗa kamar kullum.