Haka Hajiya Asabe Ta Bari

Da damanar nan yayata Asabe ta cika shekara ashirin da bakwai a ƙasa. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Abin da na saba duk shekara shi ne in sa a dafa abinci a raba, in yi mata addu'a, in koma in zauna. Bana dai wani abu ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko da babu mai saurare.

Masu shekaru a Kontagora za su tuna ta. Nas ce kuma ungozoma, ita ke riƙe da wani ƙaramin asibitin mata da yara a bakin gari, tun 'yan shekaru bayan samun mulkin kai har bayan da aka yanka mana Jihar Neja. Ni ƙanenta ne, Sale, kuma direba nake a lokacin. Babbar mota nake ja mai bodin katako, tsakanin Bangi da Kontagora. Da safe in kwaso mutane da kaji da buhuna in shigo gari, da an yi la'asar in juya, don hanyar wancan zamani ba ta biyuwa da duhu, balle in rafuka sun kawo.

Cikin fasinjana akwai mata masu ciki da masu goyo da ke zuwa asibitin Yaya. Da yawa na kawo su ban mayar da su ba. Sai in yi ta danna hon a tasha har in gaji in tafi. Wadda ba a sallama ba sai ta kwana a baranda da ɗanta marar lafiya. Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, matar ƙauye in ta kwana a waje sau ɗaya, da wuya maigidanta ya sake barinta ta zo. Awon ciki ya ƙare ke nan, allurar yaro ma ta ƙare. Wata rana ina cin tuwo a gidan Yaya na faɗi wannan, a mita kawai na faɗa. Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Sale, kana nufin ba sa dawowa?" Na ce in ba ta yarda ba ta tambaya.

Ba ta rubuta wa kowa takardar neman sabon gini ba, ba ta ce a ƙaro mata ma'aikata ba. Washegari ta bar aikinta a hannun mataimakiyarta, ta tsaya a ƙofa, ta bi wata mai goyo 'yar garin Bobi tun daga shigowarta. Inda matar ta zauna nan ta zauna, inda ta tashi ta je nan ta bi ta. Da yamma ta ce mini ƙafafunta sun kumbura. Ta ce duba yaron da allurarsa ba su ɗauki lokacin shan kunu ba, sauran yinin duk jira ne da zirga-zirga. A karɓi kati a can ƙarshen fili, a zo a auna yaro a nan, a koma wajen kati a rubuta, a dawo layin allura, a sake komawa a buga hatimi, sannan a jira tagar magani wadda ba a buɗewa sai bayan azahar. Babu wanda ya tsara haka don mugunta. Kowa ya tarar da abin a haka ne ya ɗora.

Sai ta fara tara ma'aikatanta kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, a tsaye, don kada zaman ya yi tsawo. Da farko ta sha wuya. In ta ce a faɗi abin da ba daidai ba, kowa sai ya sunkuyar da kai. Mu dai kun san mu: yaro ba ya nuna kuskuren babba, ko da kuskuren na cin sa. Kuma babban cikas ɗin yana wajen Malam Garba mai kati, dattijon da ya kusa sa'an mahaifinmu, wanda ya kafa teburinsa a inuwar mangwaro nesa da komai. Wa zai buɗe baki ya ce Malam ya tashi daga inuwarsa? Da Yaya ta ga haka sai ta canza tambaya. Ta daina cewa me ya lalace, ta koma cewa, "Jiya me ya fi gajiyar da kai?" Gajiya kuwa kowa yana da tasa, kuma faɗinta ba zargin kowa ba ne.

Malam Garba da kansa ya fara amsawa. Ya ce shi gaisuwa ce ta ishe shi. Mace ɗaya za ta zo gabansa sau uku a yini, kuma duk zuwan sai ta durƙusa, ina gajiya, ina gida, ya mai jiki, shi kuma ba ya iya ƙin amsawa. Aka yi dariya. Yaya ta ce to Malam ya yake gani za a yi. Kafin sati ya fita dattijon nan ya sa an ɗauko teburinsa an ajiye bakin ƙofar shiga, kusa da sikelin awon yara, ya zama gaisuwa ɗaya ta wadatar. Har ya bar aiki yana faɗa wa mutane dabararsa ce, Yaya kuma ba ta taɓa musa masa ba.

Haka ta riƙa yi, abu ɗaya ɗaya. Aka buɗe tagar magani tun safe. Aka ce waɗanda suka zo daga nesa su fara shiga, matan cikin gari su zo da rana. Wannan ya jawo mata zagi ba kaɗan ba, har matar wani babba ta aiko mata da maganar da ba zan maimaita ba. Ba kuma duk abin da ta gwada ne ya yi kyau ba. Ta taɓa raba layi bisa harshe, na Kambari daban, na Fulani daban, na Dukawa daban, don a sauƙaƙa tafinta. Abin ya rikice, aka fara cewa ana wariya. Bayan 'yan kwanaki ta tsaya gaban ma'aikatanta ta ce, "Mun gwada, bai yi ba, mu koma." Ko a jikinta. Teburin Malam Garba ma ba a bar shi wuri ɗaya ba, an sha matsar da shi, in damana ta zo ko in an ga layi ya toshe hanya. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, motata ta fara komawa Bangi da matan da ta kawo.

Yanzu ana ta zuwa taron bita a manyan otal, a dawo da jaka da sunayen Turanci na irin wannan aiki. Ba na raina su, mai yiwuwa akwai alheri a ciki. Amma nakan tambayi kaina, da Yaya na raye me za ta ce? Ina jin za ta fara tambaya ne ko cikin masu bitar akwai wanda ya taɓa yini a kan bencin jira.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne, watannin baya na raka jikata awo asibitin nan. Rabona da shi na manta. An ƙara gine-gine, an yi fenti, hoton Yaya na rataye a bango. Kwalta ta bi ta bayan asibitin, don haka an buɗe sabuwar ƙofa ta can, an toshe tsohuwar da bulo. Amma teburin kati yana nan gindin ƙofar da aka toshe. Mace za ta shigo da tsohon ciki, ta zagaye ginin gaba ɗaya ta karɓi kati, ta sake zagayowa wajen awo, don shi sikelin an kai shi sabon gini. Taron safe kuwa ana yi har yau. An mayar da shi na zaune, a yi addu'a, shugaba ta yi jawabi, a watse. Kuma kowa ya san yadda hanyoyin ƙauyukanmu suka koma da rashin tsaro, da la'asar ta yi babu direban da zai ɗauki hanya. Abin da muka yi fama da shi a wancan zamani ya dawo, har ya fi na da muni.

Shugabar wurin yanzu wata yarinya ce mai hankali, Sista Rabi. Da ta ji ni ne ƙanen marigayiya ta durƙusa har ƙasa. Na tambaye ta dalilin barin tebur a jikin bango. Ta sassauta murya ta ce tun zuwanta take so ta matsar, amma tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwa suka ce haka Hajiya ta bari, taɓa shi cin mutuncinta ne, sai dai in danginta sun yarda. Kai jama'a! Izinin dangi, a kan tebur. Raina ya ɓaci, na ɗaga sandata na nuna wajen sabuwar ƙofa na ce su kai shi can, yau ba gobe ba. Na dawo gida ina jin na yi wa Yaya wani abu.

In na auna abin da ya rage nata, sunanta yana nan da daraja, alhamdu lillahi. Akwai manyan mutane a Bangi da Bobi da ke yawo da ƙafafunsu saboda iyayensu mata sun samu sun koma gida da wuri, an bar su sun sake zuwa, su kansu ba su san da haka ba. Wannan ladanta ne, yana wurin Allah, babu mai taɓa shi. Amma halin nan nata na tashi kullum ta duba abin da ta gyara jiya ko yana bukatar gyara yau, shi ban ga wanda ya gada ba. Mun iya girmama mamaci. Sai dai girmamawar tamu ta tsaya ga barin kayansa inda ya ajiye, kuma wallahi na gaji da ganin haka.

Makon jiya na koma, ana yayyafi. An kai teburin daidai inda sandata ta nuna. Wurin ba shi da rumfa, feshin ruwa na dukan katunan, mai katin ya lulluɓe su da leda yana aiki da hannu ɗaya, layi ya tsaya cik. Wata mai goyo a kan benci sai leƙen sama take tana duban ƙofa, daga ganin kayanta ka san daga nesa take. Na ce wa Sista Rabi me ya hana su matsar da shi cikin baranda, ga wuri nan fili. Ta ce ai an ce nan ƙanen Hajiya ya nuna.

Na ce, "'Yar nan, ni direba ne. Me na sani game da teburin kati?"

Ta ce, "To Baba, ina kake so mu mayar da shi?"

Na nuna mata mai goyon nan na ce ta je ta zauna kusa da ita, ta bi ta har a sallame ta, za ta ga inda ya kamata. Sista Rabi ta rufe baki ta yi dariya, ta ce Baba akwai barkwanci. Ladan ya kira la'asar muna tsaye, matar kuwa ko kati ba ta karɓa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Asabe, ya haskaka makwancinta. Mu da muka rage, Allah ya yafe mana.